Ƙaton ƙwallon motsa jiki: me yake yi wa jiki, me kuma ba ya yi?

Duk wadda ta leƙo ɗakinmu a hostel ɗin mata cikin wannan zangon karatu ta ga wani ƙaton ƙwallo ruwan toka a lungu, tsakanin gadona da taga. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, “Ke kuma wannan na mene ne, renon yara kika fara?” Wata ma cewa ta yi wai balan-balan ɗin bikin wa na ɗauko. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa da aka ce a kawo rubutu don mujallar ƙungiyarmu ta bana, na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani game da shi, kowa ya huta. Zan riƙa cewa “ki” saboda ’yan hostel ɗinmu ne a raina. Maza ku yi haƙuri, ku mayar da shi “ka”, bayanin duk ɗaya ne.

Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen zanen gine-gine. Wanda ya san situdiyonmu ya san irin zaman da muke yi: doguwar kujera marar majingina, mutum ya sunkuya a kan allon zane awa biyar ko shida, ya tashi daga nan ya koma kan kwamfuta, nan ma a sunkuye. Tun farkon shekarar nan ƙuguna ya fara ciwo. Da fari ban ɗauke shi a bakin komai ba, in shafa man zafi, in sha farasitamol, in ci gaba da harkata. Sai wata safiya na sunkuya zan ɗauki bokitin ruwa a bakin famfo, miƙewa ta gagare ni. Mutum biyu ne suka riƙo ni zuwa ɗaki. Ga shi lokacin saura makonni kaɗan mu gabatar da zanenmu gaban malamai, ni kuwa zaman minti ashirin ma ya zame mini aiki. Da Umma ta ji labari a waya cewa ta yi, “Gobe-goben nan ki tafi asibiti, kada ki sake ki ce mini sai an gama jarrabawa.”

Likita ya duba ni, ya yi ’yan tambayoyi, ya ce bai ga abin tsoro ba, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi, wanda aka fi sani da fisiyo. Ni a zatona wata na’ura za a jona mini ko a haska mini fitilar nan mai zafi. Sai na ga matar da ke wurin ta gangaro da ƙwallo da ƙafa ta ce, “Ƙanwata, zauna a kan wannan.”

Na ce, “Anti, ai faɗuwa zan yi.”

Ta ce, “Ina riƙe da ke. Zauna, ki miƙe bayanki, ki ɗaga ƙafa ɗaya.”

Wallahi ban kai daƙiƙa biyar ba na fara tangal-tangal kamar yaro mai koyon keke. Ta yi dariya ta ce, “Kin gani ko? Ƙashin bayanki lafiyarsa ƙalau. Masu riƙe shi ne suka yi barci, su za mu tasa.” Wannan maganar ce ta sa na koma na yi ta karance-karance, don ni ba na son a ce in yi abu ban san dalilinsa ba.

Daga ina ya fito?

Mutane da yawa na ɗauka ’yan gayun gidajen motsa jiki ne suka ƙirƙiro shi. A asibiti ya fara aiki. Wani Ba’italiye mai masana’antar kayan roba, Aquilino Cosani, shi ya fara ƙera irin wannan ƙaton ƙwallo a 1963. Ba a daɗe ba wata ’yar Ingila mai aikin gashin ƙashi a ƙasar Suwizalan, Mary Quinton, ta fara amfani da shi wajen kula da jarirai da ƙananan yara masu matsalar motsi. Daga nan Susanne Klein-Vogelbach, wadda ke koyar da wannan fanni a birnin Basel, ta shigar da shi cikin jinyar manya. Da ma’aikatan gashin ƙashi na Amurka suka je suka gani, suka koma gida da shi, sai suka riƙa ce masa “ƙwallon Suwizalan”, sunan kuma ya bi shi har yau duk da cewa a Italiya aka haife shi. Sai daga baya ne ya shiga gidajen motsa jiki da ofisoshi da ɗakunan haihuwa.

Sirrinsa rashin tsayawa wuri ɗaya ne

A darasin ƙarfin gini an koya mana cewa ginshiƙi dogo kuma siriri ba ya jiran a ɗora masa nauyin da zai murƙushe shi, tun kafin nan yake lanƙwashewa gefe. Shi ya sa idan kafintoci suka kafa itacen tokara a ƙarƙashin dekin, sai sun bi su da wasu katakai a gicciye sun ɗaɗɗaure. Shi ya sa kuma dogon ƙarfen gidan rediyo yake da wayoyi da suka ja shi ta kowace kusurwa zuwa ƙasa. Idan waya ɗaya ta saki, ƙarfen bai karye ba, amma iska kaɗan za ta fara kaɗa shi.

Ƙashin baya ma haka yake, har ya fi ginshiƙi rauni, tunda shi ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera ɗaya kan ɗaya, da guringuntsi mai laushi a tsakaninsu, guda biyar daga ciki su ne na ƙugu. Masu bincike sun gwada wannan sashe na ƙugu shi kaɗai, ba tare da tsoka ko ɗaya a jikinsa ba, suka ga nauyin da bai wuce kilo 9 ba ya isa ya lanƙwashe shi. Kilo 9 fa, jarkar ruwa mai lita goma ta fi haka nauyi. To amma ga mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, ga mata a ƙauye suna ɗauke da tulu a ka su yi tafiya mai nisa. Abin da ke riƙe da su shi ne tsokokin da suka kewaye gangar jiki: na gaban ciki, na gefe da gefe, wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka can ciki da ta zagaye ciki kamar ɗamara, da wasu ƙanana da ke manne da ƙashin bayan kansa, sai kuma na mazaunai. Su ne wayoyin da ke jan ƙarfen.

Waɗannan tsokoki ba sa jiran umarni. Ki tuna lokacin da kike bayan babur a hanya mai gargada, hannu ɗaya riƙe da jaka ɗaya riƙe da mayafi. Ba ki ce wa cikinki ya ɗaure ba, amma duk ramin da aka faɗa jikinki na gyara zama da kansa. Ƙwaƙwalwa ce ke tattara labari daga wurare uku: ido, da wani sashe a can cikin kunne da ke auna karkata, da ƙananan jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi masu gaya mata inda kowace gaɓa take. Sai ta aika wa tsokoki saƙo kafin ke ma ki ankara. In kina son ki ga aikin ido a ciki, ki tsaya da ƙafa ɗaya na rabin minti, sannan ki sake gwadawa ido a rufe. Ki tsaya kusa da bango dai.

Kujera da gado da benci duk a tsaye suke cak, saboda haka a kansu wannan tsari ba shi da wani aikin yi sosai. Ƙwallo kuwa ko ina aka karkata nan zai gangara, don haka tun daga lokacin da kika hau shi har ki sauka, jikinki na ta ƙananan gyare-gyare. Amfaninsa ke nan a taƙaice, duk sauran amfanin da ake lissafawa daga nan suka samo asali.

An ma auna abin. A shekarar 2000, Farfesa Stuart McGill na Jami’ar Waterloo a Kanada da abokan aikinsa suka manna wa mutane na’urar da ke auna aikin tsoka, suka sa su yin atisayen nan na kwanciya rigingine a ɗago kai da kafaɗu. Da aka yi a kan benci, tsokar gaban ciki ta yi aiki da kashi 21 cikin ɗari na iyakar ƙarfinta. Da aka yi a kan ƙwallo, ta kai kashi 35. Ta gefen ciki kuwa ta tashi daga kashi 5 zuwa kashi 10. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma auna aikin tsoka daban, warkar da ciwo daban, wannan dole a faɗa. Amma dai ya nuna cewa motsi ɗaya, in aka yi shi a kan abin da ke rawa, jiki na ƙara zage damtse.

Akwai wasu amfanoni da ni a karan kaina na fi jin daɗinsu. Ƙwallon na da laushi, yana bin siffar baya, don haka mai ciwon ƙugu na iya yin wasu motsin da a kan siminti ba za su yiwu ba. Babu tsalle, babu dirar da ke dukan gwiwa. Sannan ga batun wuri. Mu faɗi gaskiya, filin wasanni da yamma na maza ne, ƙwallon ƙafa ake yi har magariba, kuma ba kowace mace ce za ta iya fita gudu a bainar jama’a ba. Wannan kuwa faɗin tabarma ɗaya ya ishe ki, ki rufe ƙofa ki yi abinki, ba ruwanki da wutar lantarki, ba ruwanki da kuɗin rajista kowane wata.

Abubuwan da ake jingina masa da ba haka ba ne

A nan zan ɗan ɓata wa masu talla rai. Bidiyoyin da ake yawo da su a TikTok da Instagram sun mayar da ƙwallon nan maganin komai.

Na farko, wai a jefar da kujera a riƙa karatu a kansa duk yini. Ni ma na gwada, kwana uku na yi na haƙura, don bayana ya fi ciwo. Ashe an riga an bincika. A 2006, a wannan jami’a ta Waterloo, an sa mutane aikin kwamfuta na awa ɗaya a kan ƙwallo da awa ɗaya a kujerar ofis. Bambancin aikin tsoka ɗan kaɗan ne, abin da ya ƙaru a kan ƙwallon shi ne rashin jin daɗin zama. Dalilin a fili yake: bayan ’yan mintuna jiki na gajiya, sai mutum ya koma ya langaɓe kamar yadda ya saba, ga shi kuma babu majingina. In kina son zama a kai, minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, ki koma kujera. Abin da ya fi taimaka mini a situdiyo ma shi ne tashi tsaye duk bayan rabin awa, ko da zuwa bakin ƙofa ne in dawo.

Na biyu, wai yana narkar da tumbi. Wata ’yar ɗakinmu saboda wannan kaɗai take aron nawa, tana da biki a gaba. Tsokar ciki za ta yi ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma kitsen da ke samanta ba ya narkewa don an motsa wurin. Jiki na ƙona kitse ne daga ko’ina idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2008 ya gano cewa zama a kan ƙwallo na ƙara ƙona kimanin kalori 4 ne kacal a awa ɗaya a kan zaman kujera. Ƙaramin cokalin sukari ɗaya kuwa kalori 16 ne. Wato sai ki yi zaman awa huɗu kafin ki biya bashin cokali ɗaya, mu kuwa mun san cokali nawa muke zubawa a garin kwaki.

Na uku na maza ne, masu ɗaga ƙarfe a bayan hostel. Idan burinka ƙirji ya buɗe, damtse ya cika, kada ka ɗauki ƙarfe mai nauyi ka kwanta a kan ƙwallo. David Behm da abokin aikinsa a Kanada sun auna a 2004, suka ga ƙarfin turawar ƙirji na raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari idan mutum na kan ƙwallo, domin rabin hankalin jiki ya tafi wajen hana faɗuwa. Ka ga ba ka sami ginin tsokar da kake nema ba, ga kuma haɗarin ƙwallo ya fashe da ƙarfe a saman fuskarka. Nauyi a kan benci ake ɗaga shi.

Ko a maganar ciwon baya ma, wadda ita ta kai ni gare shi, ba zan ce ƙwallo ne kaɗai mafita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Abin da masana suka fi yarda da shi shi ne motsa jiki a kai a kai na taimaka wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, ba tare da wani nau’i ɗaya ya yi wa saura fintinkau ba. Hukumar dai na ba manya shawarar su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, irin su tafiya da sauri, sannan su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ƙwallon na shiga ne a kashi na biyun. Tafiyar kuwa sai dai ki yi ta da ƙafarki, kuma tsakanin hostel da ajujuwa akwai nisan da ya isa, in dai an rage hawa a-daidaita.

Kuskuren da na yi wajen saye

Wannan wanda kuke gani a ɗaki shi ne na biyu. Na farkon a wani shagon kayan wasanni na saya, na zaɓi mafi araha kuma mafi girma, a tunanina babba ai ya fi. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Babu kwali, babu rubutu a jikinsa, babu famfo. Na kai wa mai faci a bakin get, shi kuma ya ɗura masa iska tam kamar tayar mota. Na ajiye shi jikin taga, rana na dukansa, lokacin kuma ana tsananin zafi. Kwana na huɗu ina zaune a kai, ashe akwai guntun bakin rezar da muke yanka kwali da ita a ƙasa. Ƙarar da ya yi sai da ’yan ɗakin da ke kusa suka fito da gudu, sun ɗauka tukunyar gas ce. Ni kuwa na dira da mazaunai a kan siminti, na yi mako guda ina zama a karkace. Kuɗina ya tafi, ciwo ya ƙaru, dariya kuwa har yau ba a daina yi mini ba.

Da na koma na gaya wa Antin fisiyo, sai da ta gama faɗanta sannan ta yi mini bayani. Akwai mai kaurin roba da aka yi shi yadda in ya huje zai sace a hankali maimakon ya fashe, ana rubuta hakan a kwalinsa tare da iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Shi za ki nema ko da ya fi tsada. In kuɗin ya yi yawa, ku haɗa ku biyu ko uku a ɗaki, matuƙar tsayinku ya yi kusa da juna.

Girman kuwa da tsayin mutum ake auna shi. An fi samun mai faɗin santimita 55, da 65, da 75. Wadda tsayinta bai wuce santimita 165 ba, galibi 55 ne daidai da ita, daga nan zuwa wajen 180 sai 65, dogaye sosai kuma 75. Kamfanoni na ɗan bambanta a lissafinsu, saboda haka gwajin da ya fi shi ne ki zauna a kai: tafin ƙafa biyu su kwanta a ƙasa sosai, cinya ta miƙe daidai, ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan ɗara ta kaɗan. Ni tsayina 160 ne, amma na je na kinkimo 75, ƙafata ma da ƙyar take taɓa ƙasa.

Wajen hurawa, ki yi amfani da ɗan famfon hannu da ke zuwa da shi. Ranar farko kada a cika shi, a tsaya wajen kashi 80 cikin ɗari, a bar shi ya kwana robar ta saki, washegari a ƙarasa. Ki auna santimitar da aka rubuta a jikin bango ki yi alama da fensir, in ya kai nan ki tsaya. Iska na buɗewa idan ta ji zafi, don haka a nisanta shi da rana da risho da dutsen guga. Kafin ki fara kuma ki share ƙasa tsaf. Mu ’yan zane muna da reza da fil, ’yan sashen ɗinki suna da allura, kowa kuma na da ɗan kunne da ke faɗuwa. A kan tayil ko ledar ɗaki mai santsi, musamman da ƙurar hunturu, sai an shimfiɗa kafet ko tabarmar roba, kuma a cire safa.

Abin da nake yi da shi

Minti goma sha biyar nake yi, kwana uku a mako, da yamma bayan na dawo daga aji. Ba na yi da na tashi daga barci, domin guringuntsin baya na shan ruwa ya ɗan kumbura cikin dare, kuma lanƙwasa baya sosai a wannan lokacin na takura shi.

Makon farko zama kawai na yi ta koyo. Ki zauna a tsakiya, ƙafa a ɗan buɗe, baya a miƙe, ki ɗaure ciki kaɗan kamar wadda yaro zai yi wa naushin wasa, amma ki ci gaba da numfashi. Ki ɗaga ƙafa ɗaya kamar taƙi guda daga ƙasa, ki ƙirga biyar, ki sauke, ki ɗaga ɗayar. Ki yi shi kusa da bango ko gado don ki sami abin dafawa. Yana da kama da wasa, amma ranar da kika iya yin goma-goma ba tare da ƙwallon ya gudu ba za ki ji bambanci.

Sai na bango. Ki sa ƙwallon tsakanin ƙugunki da bango, ki ɗan matsar da ƙafafu gaba, ki sauka a hankali kamar za ki zauna a kujerar da babu ita, har cinya ta kusa miƙewa, sannan ki taso. Ƙwallon zai riƙa gangarawa a bayanki yana tallafe da shi. Cinya da mazaunai ne ke shan aikin. Sau takwas zuwa goma ya isa a farko, kuma in gwiwa ta yi zafi kada ki sauka sosai.

Wanda Anti ta fi matsa mini a kai shi ne na gada. Ki kwanta rigingine a ƙasa, ki ɗora dugadugai da ƙwauri a kan ƙwallo, hannuwa a shimfiɗe a gefe. Ki matse mazaunai ki ɗaga ƙugu sama har jikinki ya miƙe daga kafaɗa zuwa ƙafa, ki riƙe na daƙiƙa biyar, ki sauka a hankali. Ta ce masu dogon zama tsokar mazaunansu ce ke fara yin lalaci, sai ƙugu ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Idan kin ji aikin a ƙugu maimakon mazaunai da bayan cinya, kin ɗaga ya wuce kima, ki rage. Bayan makonni, in kin ƙware, kina iya janyo ƙwallon da dugadugai zuwa wajenki ki mayar, ƙugu na sama. Wannan kam sai kin ji bayan cinyarki kamar ana murɗa shi.

Na ƙarshe shi ne wanda muka sa wa suna tuƙin tuwo a ɗakinmu. Ki durƙusa, ki ɗora gwiwar hannu biyu a kan ƙwallo, ki matsa gaba har jikinki ya miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa. Da farko riƙewa kawai za ki yi na daƙiƙa goma, ki huta, ki sake. In kin saba, sai ki fara juya ƙwallon da hannuwa a ƙaramin zagaye, biyar dama biyar hagu, ba tare da ƙugu ya motsa ko ya lotsa ƙasa ba. Masu ƙarfi na yin sa a kan yatsun ƙafa maimakon gwiwa. Ni har yanzu a gwiwa nake, kuma ban ji kunya ba.

In na gama sai in zauna, in taka gaba a hankali har bayana ya kwanta a kan ƙwallon, in buɗe hannuwa in yi numfashi biyar ko shida. Bayan yini guda a sunkuye kan allo, wannan buɗewar ƙirjin ita ce ladan aikin. Ƙa’ida ɗaya dai ta ratsa duka: a hankali ake yi, ba a riƙe numfashi, kuma gajiyar tsoka daban take da zafi mai suka. In kin ji suka, ki tsaya.

Ba kowane ciwon baya ne na atisaye ba

Wannan sashen kada a tsallake shi. Ni sai da likita ya duba ni kafin na hau ƙwallo. Idan ciwon na sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafa na yin sanyi da dindiris ko rauni, ko fitsari da bayan gida sun fara kufcewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, asibiti za a nufa, na fitsarin nan ma a ranar. Haka in akwai zazzaɓi, ko gumin dare da rama, domin tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma ciwon ƙoda ma a baya ake jin sa. ’Yan uwanmu masu sikila su fara tuntuɓar likitansu, su kuma kula da shan ruwa. Mai fama da jiri ko farfaɗiya kada ta hau ita kaɗai a ɗaki.

Matan aure da ke cikinmu masu juna biyu wataƙila sun taɓa ganin irinsa a wasu asibitoci, inda ake ba mai naƙuda ta zauna a kai tana juya ƙugu don ta sami sauƙin ciwo. Ƙwallon ɗaya ne, amma atisayen da na lissafa a sama ba na mai ciki ba ne. Ki tambaya a wajen awo a nuna miki wanda ya dace da watanninki.

Ni dai yanzu wata na huɗu ke nan. Ciwon bai ɓace gaba ɗaya ba, in na kwana a situdiyo washegari sai na ji shi. Amma na gabatar da zanena a tsaye na kusan awa guda, kuma ina ɗaukar bokitina da kaina, sai dai yanzu gwiwa nake lanƙwasawa maimakon baya. Ban san ko nawa ne rabon ƙwallon a ciki ba, nawa ne na tashi-tashin da nake yi duk rabin awa da tafiyar ƙafa zuwa aji, tunda tare na fara su. Wadda ke son ta gwada kafin ta kashe kuɗinta tana iya zuwa ɗakinmu bayan la’asar ranar Talata ko Alhamis. Nawa mai santimita 55 ne, dogaye sai dai ku yi kallo. A zo da wando mai kauri, a kuma cire fil ɗin mayafi tun daga bakin ƙofa.